Hugo Broos: ƙwarewa ce ko sa'a ce ke binsa?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan Hugo Broos, dattijon nan ɗan Beljiyam da ya horar da Kamaru sannan ya koma Afirka ta Kudu. Shi ne ya ci wa Kamaru kofin Afirka a 2017 alhali manyan 'yan wasanta sun ƙi amsa kira, shi ne kuma ya sha gaban Najeriya a rukunin neman gurbin Kofin Duniya na 2026 da 'yan wasan da galibinsu a gida suke taka leda. Amma dai shi ɗin ne Najeriya ta zura wa huɗu a Uyo wata bakwai bayan ya ɗaga kofi, aka sallame shi kafin shekarar ta fita. To ina gaskiyar take? Ina so in san inda ya fito, irin ƙwallon da ya buga, da ainihin abin da yake yi idan ya karɓi ƙungiya. Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Baya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wanda ya fara sanin Broos a 2017 ya riske shi ne da yamma, don a lokacin shekarunsa 64, kuma ya riga ya yi kusan shekara hamsin a harkar.

An haife shi ranar 10 ga Afrilu 1952 a Humbeek, wani ƙaramin gari arewa da Brussels. Mai tsaron baya ne na tsakiya, irin wanda aikinsa ya liƙe wa ɗan gaban abokan hamayya ya hana shi sakat. Ya shiga Anderlecht a 1970 ya zauna har 1983, kuma wannan shi ne zamanin da ƙungiyar ta fi ƙarfi a tarihinta. Sun ci lig ɗin Beljiyam a 1972 da 1974 da 1981. A Turai kuwa sun kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofin ƙalubale sau uku a jere: a 1976 suka doke West Ham 4-2 a filin Heysel, a 1977 Hamburg ta cinye su 2-0, a 1978 suka lallasa Austria Wien 4-0 a birnin Paris. Sun ɗauki Super Cup a hannun Bayern Munich a 1976 da Liverpool a 1978, sannan kofin UEFA a 1983 a kan Benfica. Sunayen da ake ta kira a lokacin su ne Rob Rensenbrink da Arie Haan da François Van der Elst. Broos yana can baya, ba mai yi masa tafi, amma duk kocin da ya zo sai ya sa shi. Ɗaya daga cikin waɗannan kociyoyin shi ne Raymond Goethals, wanda daga baya ya ci wa Marseille kofin Zakarun Turai a 1993.

Daga nan ya koma Club Brugge ya yi shekara biyar, ya ci kofin ƙalubale a 1986 da lig a 1988, ya rataye takalmi. Ƙasarsa ya buga mata wasa 24. Yana cikin tawagar Guy Thys da ta zo ta huɗu a Kofin Duniya na 1986 a Meziko, wadda ta fitar da Tarayyar Sobiyet 4-3 bayan ƙarin lokaci, ta fitar da Sifaniya a fenareti, kafin Maradona ya zura mata biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Ku riƙe wannan tawagar a rai, don salonta shi ne salon Broos: a tsare gida, a haƙura, a jira kuskuren wanda ya fi ƙarfi.

Aikin horarwa ya fara shi a RWDM, wata ƙungiyar birnin Brussels, a 1988, ya dawo da ita rukunin farko. Sai Club Brugge daga 1991 zuwa 1997, inda ya ci lig biyu, 1992 da 1996, da kofin ƙalubale biyu, 1995 da 1996. A nan ne hanyarsa ta fara haɗuwa da tamu: Daniel Amokachi, wanda ya tafi Brugge daga Ranchers Bees ta Kaduna a 1990, a hannun Broos ya nuna. Ranar 25 ga Nuwamba 1992 Amokachi ya ci ƙwallon farko a matakin rukuni na sabuwar gasar Zakarun Turai, Brugge ta doke CSKA Moscow 1-0, kuma Broos ne a benci. Bayan Brugge ya yi shekara biyar a Mouscron, ƙaramar ƙungiya, ya kai ta wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2002. Ya koma Anderlecht ya ci lig a 2004, kuma shi ne ya fara sa Vincent Kompany a babbar ƙungiya yana ɗan shekara 17. Sau huɗu ana zaɓensa gwarzon koci a Beljiyam: 1992, 1996, 2004, da 2007 lokacin da ya kai Genk matsayi na biyu.

Bayan 2008 tauraruwarsa ta dushe. Panthrakikos a Girka, Trabzonspor a Turkiyya, Zulte Waregem a gida, mataimakin koci a Al Jazira ta Abu Dhabi, JS Kabylie da NA Hussein Dey a Aljeriya, babu inda ya daɗe. Shi ya sa da hukumar ƙwallon Kamaru ta naɗa shi a Fabrairu 2016 jaridun ƙasar suka yi ca, suna ganin an kwaso wanda ya rasa aiki ne. Amma mutumin da ya ci lig uku a matsayin koci ba da ka ya zo ba.

Ɗan Garwa:

Malam ya kawo asali, bari in ɗora da Kamaru, don sai an san halin da ya tarar sannan a gane girman aikin.

Kamaru ba ta je gasar Afirka ta 2012 da ta 2013 ba. A Kofin Duniya na 2014 'yan wasa suka ƙi hawa jirgi saboda rigimar alawus, suka je Brazil aka cinye su wasa uku, har Benoît Assou-Ekotto ya yi wa abokin wasansa Benjamin Moukandjo karo da ka a fili a wasan da Kuroshiya ta ci su 4-0. A 2015 aka fitar da su tun a rukuni. Gwanaye ba su ƙare a Kamaru ba, abin da ya ƙare shi ne jin maganar juna.

Abu na farko da Broos ya yi shi ne rage masu faɗa-a-ji a ɗakin sa kaya. Ya daina kiran Stéphane Mbia, ya ba Moukandjo kyaftin, ya bar Carlos Kameni ya tsayar da Fabrice Ondoa a raga, yaron da a lokacin ko a ƙaramar ƙungiyar Sevilla ba ya samun wasa sosai. Da gasar Afirka ta 2017 a Gabon ta matso sai wasu suka janye da kansu: Joël Matip na Liverpool, André Onana na Ajax, Allan Nyom, André-Frank Zambo Anguissa, Guy Ndy Assembé, Maxime Poundjé, Ibrahim Amadou, da Eric Maxim Choupo-Moting. Bai tsaya roƙon kowa ba. Ya tafi da waɗanda suka zo, ciki har da Christian Bassogog na Aalborg ta Denmark, wanda a ƙarshe aka zaɓa gwarzon gasar.

Na biyu, ya kafa gida, kuma daga zagayen sili-ɗaya-ƙwale bai riƙa taɓa shi ba. Ondoa a raga. Collins Fai a dama, Ambroise Oyongo a hagu, Michael Ngadeu da Adolphe Teikeu a tsakiyar baya. Gabansu mutum biyu masu share fage, Sébastien Siani da Arnaud Djoum. Amfanin mutum biyun nan shi ne idan ɗan bayan gefe ya hau, ɗaya daga cikinsu ya koma ya toshe gurbinsa, ɗayan ya tsaya gaban 'yan baya. Idan aka ƙwace ƙwallo ba a tsayawa yawan ba-ni-in-ba-ka, a jefa ta gefen Bassogog ko Moukandjo su ruga.

Na uku, kuma nan ne aka fi sukarsa, ya ajiye manyan sunaye biyu da suka rage masa a benci: Nicolas Nkoulou da Vincent Aboubakar, wanda ya taso daga Coton Sport ta Garwa. Ya fi son Robert Ndip Tambe ya fara, ya yi ta gudu yana matsa wa 'yan baya, sannan Aboubakar ya shigo da sabon ƙarfi.

Ga yadda ta kaya. Rukuni: 1-1 da Burkina Faso, 2-1 a kan Gini Bisau bayan an fara cin su, canjaras ba ci da Gabon mai masauƙi. Da Senegal a Franceville minti 120 babu ci, Ondoa ya kaɗe bugun Sadio Mané, Aboubakar ya ci na ƙarshe, 5-4. Da Ghana 2-0: Ngadeu ya ci bayan golan Ghana da ɗan bayansa sun rikice a kan bugun tazara, Bassogog ya ƙara a ƙarshen lokaci da gudun ramuwar hari. Wasan ƙarshe ranar 5 ga Fabrairu 2017 a Libreville, Mohamed Elneny ya ci wa Masar a minti na 22. Teikeu ya ji rauni Nkoulou ya shigo, bayan hutun rabin lokaci Aboubakar ya canji Tambe. Nkoulou ya farke da ka a minti na 59 daga ƙwallon da Moukandjo ya ɗago, sannan a minti na 88 Aboubakar ya tare doguwar ƙwallo da ƙirji, ya ɗaga ta bisa kan Ali Gabr, ya buga kafin ta zauna, ta wuce Essam El-Hadary. Mutum biyun da aka ajiye su suka kawo kofi na biyar, na farko tun 2002.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: da rigimar alawus ta sake tasowa ana tsakiyar gasar, Broos ya fito fili ya goyi bayan yaransa, amma atisaye bai tsaya ba. Wannan ya sa suka amince da shi, ya kuma fara ɓata tsakaninsa da masu riƙe da hukuma.

Mai Lissafi:

Ranku ya daɗe, duk abin da kuka faɗa haka yake, amma a duba alƙaluma kafin a naɗa masa rawani.

A Gabon Kamaru ta buga wasa 6, ta ci ƙwallo 7, aka ci ta 3, ta yi nasara a cikin fili sau 3. A gasar Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024 Afirka ta Kudu ta buga wasa 7, ta ci 7, aka ci ta 3, ta yi nasara a cikin fili sau 2 kacal, kuma huɗu daga cikin ƙwallayen bakwai Namibiya aka zura wa. Hoto ɗaya ne. A gasar sili-ɗaya-ƙwale canjaras ba ya kashe ka, yana kai ka fenareti, idan golanka na da kyau ka wuce. A wasannin tara maki kuwa canjaras asarar maki biyu ne.

Abin da ya ci shi a Kamaru ke nan. Neman gurbin Rasha 2018: 1-1 da Aljeriya, 1-1 da Zambiya a gida, 4-0 a hannun Najeriya, 1-1 da Najeriya a Yawunde, 2-0 a kan Aljeriya, 2-2 da Zambiya. Nasara ɗaya a wasa shida, maki 7, matsayi na uku. Wasan Uyo na 1 ga Satumba 2017 ya nuna inda tsarin yake yoyo. Kamaru ta zo tana bin Najeriya maki huɗu, dole ta fito neman nasara. Odion Ighalo ya fi ƙarfin Ngadeu ya ci ta farko, Mikel Obi ya ƙara daga bugun kusurwa, daga nan Kamaru ta buɗe baya, Victor Moses ya same su da irin makaminsu, Kelechi Iheanacho ya rufe da ka. Ƙungiyar da aka gina don ta jira, idan aka riga ta da ƙwallo biyu ba ta da wata dabara ta biyu. A gasar Zakarun Nahiyoyi a Rasha ma maki ɗaya ta samu. A Disamba 2017 aka sallame shi.

Ko gurbin 2026 a yi adalci. Afirka ta Kudu maki 18, Najeriya 17, Benin 17. A lokacin Lesotho da Zimbabwe ba su da filin da aka amince da shi, don haka wasanninsu na gida da Afirka ta Kudu a Bloemfontein da Durban aka buga su. Najeriya kuma ita ta zubar da makinta: canjaras biyar, ciki har da Lesotho da Zimbabwe a Uyo, ga shan kashi a hannun Benin, ga kociyoyi uku a tafiya ɗaya, José Peseiro da Finidi George da Eric Chelle. Karawa biyu da aka yi tsakanin ƙasashen biyu duk 1-1 aka tashi.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai. To Malam Mai Lissafi, idan haka ne me ya sa a Afirka ta Kudu tsarin ya yi aiki har a wasannin tara maki? Kuma maki ukun da FIFA ta cire musu a neman gurbin 2026 saboda sa ɗan wasan da bai cancanci bugawa ba, laifin koci ne ko na ofis?

Baba Koci:

Ɗana, amsar tambayarka ta farko lokaci ne da kuma irin kayan aikin da ya samu. A Kamaru bai cika shekara biyu ba. A Afirka ta Kudu kwantiragin shekara biyar aka ba shi a Mayu 2021, bayan Molefi Ntseki ya kasa kai su gasar Afirka, kuma da ya faɗi a gwajin farko ba a kore shi ba. Wannan gwajin shi ne wasan neman gurbin Kofin Duniya na 2022 da aka buga a Cape Coast ta Ghana a Nuwamba 2021, inda Ghana ta ci 1-0 da fenaretin André Ayew da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Maki 13-13 suka tashi, Ghana ta wuce da yawan ƙwallayen da ta ci, ƙarar da hukumar ƙwallon Afirka ta Kudu ta kai FIFA kuma aka yi watsi da ita.

Kocin ƙasa kwana kaɗan yake samu da 'yan wasa kafin kowane wasa. A cikin kwana huɗu ko biyar ba za ka koya wa 'yan baya huɗu yadda za su tashi tare su kafa tarkon satar gida ba, ko wanda zai fita ya tari mai ƙwallo da wanda zai rufe masa baya. Broos ya warware wannan ta hanyar ɗauko gidan Mamelodi Sundowns kusan gaba ɗaya: Ronwen Williams a raga, Khuliso Mudau, Grant Kekana, Mothobi Mvala da Aubrey Modiba a baya, Teboho Mokoena a tsakiya, Themba Zwane a bayan ɗan gaba. Mutanen nan kullum tare suke atisaye, kuma sun saba zuwa Kazablanka da Alƙahira a gasar Zakarun Afirka. Saboda Sundowns ƙungiya ce mai riƙe ƙwallo, sai ya samu abin da bai samu a Kamaru ba, wato 'yan wasan da za su iya buɗe ƙaramar ƙungiyar da ta koma gida ta kulle. Shi ya sa suka ci Benin gida da waje, suka ci Zimbabwe 3-1, suka ci Ruwanda 3-0 a Mbombela ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da suka samu gurbin.

A nan ban yarda da cewa dabararsa ɗaya ce ba. Da ya zo ya ce matasa yake so, ya ajiye Zwane saboda shekaru. Da ya ga babu mai haɗa tsakiya da gaba sai ya dawo da shi a 2022 ya gina harin a kansa. Kocin da ya kai shekara 70 ya canza ra'ayi a gaban 'yan jarida ba abin rainawa ba ne.

Wasansu da Maroko a San Pedro, a gasar Afirka ta Kwaddibuwa, shi ne darasin da ya kamata masu horar da ƙananan ƙungiyoyi su kalla. Maroko ta zo ta huɗu a duniya a 2022. Afirka ta Kudu ta matse tsakiya, ta bar musu gefe, Evidence Makgopa ya ci a minti na 57, Achraf Hakimi ya ɓarar da fenareti, Mokoena ya rufe da bugun tazara. Da Cape Verde Williams ya kaɗe fenareti huɗu, ya kuma ce masu nazarin bidiyo ne suka tara masa yadda kowane ɗan wasa yake bugawa. To wannan shiri ne, ba sa'a ba. Amma makami ne mai kaifi biyu: a Bouaké ranar 7 ga Fabrairu 2024, bayan 1-1 da Najeriya, Stanley Nwabali ya kaɗe bugun Mokoena da na Makgopa, kuma a lokacin Nwabali a Chippa United ta Afirka ta Kudu yake wasa, ya san su. Sun ƙare na uku bayan doke Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a fenareti 6-5, lambar yabo ta farko tun 2000.

Haɗarin dogaro da ƙungiya ɗaya a bayyane yake: idan Sundowns ta tara wasanni a gida da nahiya, gajiya da rauni a lokaci guda suke kama rabin tawagar ƙasa.

Malam Na-Baya:

Batun makin kuwa, ƙa'idar a sarari take. A wasannin neman gurbin Kofin Duniya, ɗan wasan da ya karɓi katin gargaɗi biyu a wasanni daban-daban ba zai buga na gaba ba. Mokoena ya karɓi ɗaya a wasan Benin a Nuwamba 2023, ya karɓi na biyu a wasan Zimbabwe a Yuni 2024, sai aka sa shi a wasan Lesotho a Maris 2025. Sun ci 2-0 a fili, FIFA ta mayar da shi 3-0 a kansu a ƙarshen Satumba 2025, saura wasa biyu a gama. Ba maki uku kaɗai suka rasa ba, bambancin ƙwallaye ma ya ragu da biyar.

Abin da ke jawo irin wannan kuskure shi ne tsawon tafiyar. Tsakanin katin farko da wasan Lesotho wata goma sha shida ne, an buga gasar Afirka da wasannin neman gurbin wata gasar a tsakani, kuma katunan kowace gasa lissafinsu daban. Riƙe wannan lissafi aikin manajan tawaga ne, amma koci ne ke fitar da sunaye, don haka ba zai wanke hannunsa gaba ɗaya ba. Maganinsa takarda ɗaya ce ga kowace gasa, a rubuta suna da ranar kati daga rahoton alƙalin wasa, mutum biyu su duba ta kafin a miƙa sunayen 'yan wasa. Mu ma ya taɓa cin mu: a Nuwamba 2017 Najeriya ta sa Shehu Abdullahi a wasan Aljeriya yana da kati biyu, FIFA ta ba Aljeriya wasan 3-0, sai dai a lokacin Najeriya ta riga ta samu gurbinta.